Shiga dajin Gates of the Arctic da ƙafa: amsa ga ƙaninmu mai shirin tafiya

Wani ƙaninmu da ke karatu a Amurka ya aiko da tambaya. Ya ga hotunan gandun dajin Gates of the Arctic da ke arewacin Alaska, ransa ya biya, yana so ya shiga shi kaɗai na mako guda a watan Yuli idan an yi hutu. Ya ce ya sha hawa duwatsun Shere a Jos, kuma yakan yi yawon ƙafa a gandayen da ke kusa da makarantarsu. Yana son sanin yadda ake shiga, da haɗarin beyar, wata ƙatuwar dabbar daji mai gashi da farata, da yadda zai yi salla a inda aka ce rana ba ta faɗuwa.

Ƙanena, na ji daɗin tambayar nan, domin wurin da ka ambata yana cikin wuraren da na fi ƙauna a duniya. Ka je, amma kada ka je kai kaɗai a karon farko, kuma in da hali ka ɗaga tafiyar zuwa Agusta. Abin da ka fi tsoro, wato beyar, ba shi ne ya fi jefa mutane cikin halaka a can ba. Ruwa ne da sanyi da gaggawa. Zan daɗe a kan waɗannan fiye da sauran.

Ka fara gane girman abin da kake magana a kai. Faɗin dajin ya haura murabba'in kilomita 34,000. Gashaka Gumti, wanda shi ne mafi girma a Nijeriya, sai ka jera irinsa biyar kafin su cika shi. Jihar Kano gaba ɗayanta za ta shige ciki ta bar sarari mai yawa. Dukkansa yana arewa da layin Aktik, da'irar da ta zagaye yankin ƙanƙara na can arewacin duniya, a tsakiyar jerin tsaunukan Brooks. Shugaba Jimmy Carter ya fara keɓe shi a 1978, aka mai da shi cikakken gandun daji na ƙasa a Disamban 1980. Sunan ya samo asali daga Robert Marshall, masanin itatuwa da ya fara zuwa yankin a 1929. Ya ga duwatsu biyu, Frigid Crags da Boreal, sun sa kogin North Fork Koyukuk a tsakiya kamar dogarai a bakin ƙofar gari, sai ya kira su ƙofofin Aktik. A duk faɗin nan babu titi, babu turbar da aka share, babu allon nuna hanya, babu wurin kwana da aka tanada, babu layin waya. Masu ziyara a shekara ba su cika wuce dubu goma sha wani abu ba, cikin mafi ƙaranci a manyan gandayen Amurka, kuma da yawansu sauka kawai suke yi daga jirgi su ɗauki hoto su koma.

Hanyar shiga duk daga birnin Fairbanks da ke tsakiyar Alaska take farawa. Mafi yawan mutane kan hau ƙaramin jirgi zuwa ƙauyen Bettles ko Coldfoot, daga nan su ɗauki shatar wani jirgin da ya fi ƙanƙanta, mai sauka a kan tafki ko a kan tsakuwar bakin kogi, ya ajiye su ya tafi. Wasu kan sauka a Anaktuvuk Pass, ƙauyen da ke can cikin tsaunuka, su fita da ƙafa. Hanya ta uku ita ce titin Dalton, wanda aka gina a 1974 saboda bututun mai. Tsawonsa mil 414, mafi yawansa tsakuwa ce, kuma a wasu wurare yana wucewa kamar mil biyar daga iyakar dajin ta gabas. Wannan ta fi araha, sai dai mil biyar ɗin nan da koguna a cikinsu, kuma kamfanonin hayar mota da yawa sun hana a hau titin da motarsu. Ba a biyan kuɗin shiga. Kuɗin yana tafiya ne a shatar jirgi, wadda sau da yawa takan fi tikitin da ya kawo ka Alaska tsada, shi ya sa haɗuwa mutum uku ko huɗu ke rage nauyi.

Yanzu ga tafiyar kanta. A Shere ƙafarka na taka dutse, ka san inda za ta tsaya. A can mafi yawan kwaruruka a lulluɓe suke da wata ciyawa mai tashi curi-curi, Turawa na ce mata tasok. Kowane curi ya kai girman kabewa, samansa fāɗi, gindinsa siriri, tsakaninsu kuma ramuka ne cike da ruwan sanyi. In ka taka kan curin ya juya da kai, in ka taka tsakani ka nutse har ƙwauri. Ka ƙaddara kana tafe cikin fadamar da aka zuba wa ƙwallaye, da kaya kilo 20 ko 25 a gadon baya. Daga sama, ta tagar jirgi, wurin kamar darduma yake, shi ya sa taswira ke yaudarar baƙo. Jami'an dajin kansu suna faɗa cewa ƙwararren matafiyi in ya ci mil shida a yini ya yi ƙoƙari. Ni na taɓa yin awa huɗu a kan abin da bai kai kilomita uku ba, ina ganin dutsen da nake nufi kamar in miƙa hannu in taɓa. Saboda haka kada ka tsara tafiya da tsawon hanya. Ka tsara ta da awanni, sannan ka ƙara rabin abin da ka lissafa. Da sannu idonka zai koyi karanta ƙasa: inda launi ya yi fari-fari ko ruwan toka busasshe ne, gefen tudu ya fi tsakiyar kwari, tsakuwar bakin kogi ta fi duka daɗin taku, kuma sawun dabbobi kan bi ta inda ya fi sauƙi.

Koguna su ne jarrabawa. Babu gada ko ɗaya. Kwana ɗaya kana iya ƙetare ruwa sau goma, kuma ruwan narkakkiyar ƙanƙara ne, minti biyu a ciki ƙafa ta daina jin komai. Akwai wani dalili da ya sa kogunan can suke da saurin fushi. Ƙarƙashin ƙasar, ba nisa, a daskare yake shekara da shekaru, don haka ruwan sama ba ya samun inda zai nutse. Duk abin da ya sauka a kan tsauni sai ya gangaro kwari cikin 'yan awanni. Rafin da ka tsallake da safe a idon sawu, da la'asar yana iya kai maka ƙugu yana mirgina duwatsu.

Na ga wannan da idona. Mu uku ne, an kwana ana yayyafi, muka iso wani rafi da muka ƙetare kwana huɗu kafin nan ba tare da mun kula da shi ba. Ya koma ruwan ƙasa, kana jin ƙarar duwatsu na gwaruwa a ƙarƙashinsa. Jirginmu zai zo washegari, wurin saukarsa kuma yana tsallake. Abokin tafiyarmu ɗaya ya matsa a gwada. Ya shiga taku uku, ruwa ya ɗauke masa sanda, ya durƙusa, muka fizgo shi ta igiyar jaka. Jiƙewar ba ta wuce ta daƙiƙa ashirin ba, amma kafin mu kafa tanti mu cire masa kaya hannunsa ya kasa zuge zif, maganarsa ta fara sarƙewa. Muka sa shi cikin buhun barci, muka yi ta ɗura masa shayi mai sukari. Da gari ya waye ruwan ya janye zuwa gwiwa, muka wuce lafiya lau. Abin da ya kusa cin ransa shi ne tunanin cewa dole a cim ma jirgi.

Ga yadda ake ƙetarewa. Ka nemi inda kogi ya rabu ƙananan rassa a kan tsakuwa, ko da za ka yi tafiyar awa guda kafin ka samu. Inda ya matse ya yi shiru, nan ne zurfi. Ka kwance bel ɗin jaka na ƙugu da na ƙirji, don in ka faɗi ka iya yar da ita. Ka fuskanci inda ruwa ke fitowa, ka dogara da sanda, ka riƙa jan ƙafa a karkace, ɗaya bayan ɗaya. Kada ka cire takalmi, ƙafar da sanyi ya kashe ba ta sanin ta yanke. In ruwa mai gudu ya wuce cinya, ka koma ka kafa tanti. Sau da yawa da sassafe ya fi ƙasa. Kuma ka saki rai da busasshiyar ƙafa tun ranar farko: safa biyu na tafiya waɗanda kullum a jiƙe suke, guda ɗaya ta barci wadda ba ta fita daga leda sai cikin tanti.

Sanyin da ke kisa ba sai na hunturu ba. Digiri 5 da ruwan sama da iska ya ishi ya kayar da ƙato, kuma dusar ƙanƙara na iya sauka a kowane wata, har da Yuli. Kada ka sa auduga ko kaɗan, har singileti. Auduga in ta jiƙe takan riƙe ruwa ta tsotse ɗumin jiki. Ulu ko yadin roba a ciki, rigar ɗumi a tsakiya, rigar ruwa da wandonta masu kyau a waje. In za ka kashe kuɗi a abu ɗaya, ka kashe a rigar ruwa da tantin da iska ba ta karyawa. Alamar da za ka lura da ita a jikin abokinka ita ce karkarwa, tuntuɓe, da magana mara kan gado. Wanda abin ya kama ba ya ganewa da kansa. Wannan shi ne babban dalilin da na hana ka tafiya kai kaɗai.

To, beyar. Akwai iri biyu, babbar mai ruwan ƙasa da tozo a kafaɗa, wadda ake kira girizli, da baƙar da ta fi zama a kurmin kudanci. Yawancinsu da sun shaƙi ɗan'adam sai su bar wurin. Matsala na zuwa ne idan ka yi mata ba-zata, ko tana tare da 'ya'ya, ko ta saba samun abinci a wurin mutane. Don haka in za ka ratsa sarƙaƙiyar bakin rafi ka ɗaga murya, ka yi waƙa ko ka tafa hannu. Doka ce a zuba abinci a gwangwanin da beyar ba ta iya buɗewa, kuma ofisoshin dajin na ba da aronsa kyauta. Duk abin da ke da ƙamshi ciki zai shiga: man goge baki, sabulu, man shafawa. Turarenka kuwa ka bar shi a gida. Ka yi girki kamar mita 90 daga tanti, ta inda iska za ta kwashe ƙamshin nesa da makwancinka, gwangwanin ma ya kwana can. Feshin barkono ya zauna a ƙugu ko a ƙirji, ba cikin jaka ba. Ba a hawa jirgin fasinja da shi, sai ka saya a Fairbanks, kuma ka shaida wa matuƙin ƙaramin jirgi kana da shi don ya san inda zai ajiye. In kun yi kiciɓis kada ka gudu, ta fi ka sauri nesa ba kusa ba. Ku haɗu wuri ɗaya, ku yi magana a natse, ku ja da baya a hankali. In girizli ta kai hari don kare kanta ko 'ya'yanta, ka kwanta ruf da ciki ka kare wuya. In baƙa ce, ko kowace iri ta biyo ka cikin tanti, ka yi faɗa da duk abin da hannunka ya samu.

Game da lokaci, Yuli watan sauro ne. Ba irin na gida mai zazzaɓi ba, amma yawansa ya wuce misali. In iska ta tsaya sai ka ga bayan abokinka ya yi baƙi, cokali kafin ya kai baki sun faɗa ciki. Dole ragar rufe fuska. A Yuni haske ne ba iyaka, amma koguna a cike suke da narkewar ƙanƙara. Tsakiyar Agusta zuwa ƙarshensa sauro ya ja baya, ƙasa ta rine ja da rawaya, 'ya'yan itatuwan daji sun nuna, dare ya fara dawowa. Farashinsa shi ne ƙarin ruwan sama da raɓar ƙanƙara da asuba. Ni shi nake zaɓa.

Matuƙin jirgi zai ce maka ranar kaza zai zo, in yanayi ya bari. Ka ɗauki rabin maganar na biyu da muhimmanci. Hazo ko iska ko hayaƙin gobarar daji na iya tsare shi kwana biyu ko uku, don haka abincin kwana uku na ƙari wajibi ne, kuma kada ka sayi tikitin barin Fairbanks washegarin ranar fitowa. Ka riƙe na'urar aika saƙo ta tauraron ɗan'adam, irin Garmin inReach, da taswirar takarda da kamfas, ka kuma san yadda ake aiki da su kafin ka tafi. Allurar kamfas a can tana kaucewa daga arewa ta gaskiya da digiri da yawa, sai ka duba adadin a sabuwar taswira ka gyara. Ko ka danna maɓallin neman agaji, ceto na iya ɗaukar yini ko fiye.

Abinci kusan kilo ɗaya a rana, mai maiƙo, mara ruwa. Dambun nama da ka yi da kanka da naman halal ya fi duk abin da ake sayarwa a shagunan kayan daji. Da gyaɗa, dabino, man gyaɗa, madarar gari, kuskus da alkamar kunu masu dahuwa da ruwan zafi kawai. Kada ka sa a aiko maka kilishi daga gida, hukumar kwastan ta Amurka ba ta barin a shigo da nama irin wannan. Risho za ka yi girki da shi, domin a arewacin tsaunukan itace na da ƙaranci ƙwarai. Ruwan sha a tace ko a tafasa, kuma in ka ga rafi ya koma launin tsatsa ka wuce shi. A 'yan shekarun nan narkewar daskararriyar ƙasa na sakin ƙarafa cikin wasu rafukan Brooks.

Tambayarka ta salla ta faranta mini rai. A yankin Anaktuvuk rana ba ta faɗuwa daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuli, tana zagaya sama ne kawai, ta yi ƙasa ta arewa da tsakar dare ta sake hawa. Malamai sun yi magana a kan irin wannan wuri, suka ce a ƙaddara lokuta, bisa hadisin kwanakin Dujjal inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a ƙaddara wa ranar gwargwadonta. Wasu sun ce a bi gari mafi kusa da ake rarrabe dare da rana, wasu sun ce a bi lokutan Makka. Ka zauna da malaminka kafin ka tashi, ka zaɓi ɗaya, ka rubuta jadawalin a takarda, ka riƙe agogo. Kai matafiyi ne, kana da kasaru da jam'i. Alƙibla za ta ba ka mamaki: daga can tana arewa ne, ta ɗan karkata yamma, saboda hanya mafi kusa zuwa Makka ta saman duniya take bi. Alwala da ruwan can tana cizo, sai ka ɗan ɗumama a risho, ka goge jiki nan take ka mai da safa. Bayan gida kuma ka ɗebi ruwa a gora ka yi nisa da rafi kamar mita 60, ka tona rami ka binne. Na yi sallar isha a kan tsakuwar kogin Alatna da hasken rana a kan duwatsun Arrigetch, waɗanda sunansu a harshen mutanen wurin ke nufin yatsun hannu a miƙe, kuma har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Kada hotuna su sa ka ɗauka ƙasar ba ta da masu ita. Mutane na rayuwa a tsaunukan nan sama da shekara dubu goma. Nunamiut na Anaktuvuk Pass, 'yan ɗaruruwa ne, mafarauta ne masu yawo da suka riƙa bin garken karibu, wata barewa mai manyan ƙahoni masu rassa, har sai da suka zauna wuri ɗaya a wajen 1950. Sunan garin ma na nufin wurin kashin karibu. Har gobe da naman nan suke rayuwa, kuma garken yammacin Aktik da ya kai 490,000 a 2003 ya ragu zuwa 152,000 a ƙidayar 2023, abin da ke damunsu ƙwarai. In ka ga garke na tahowa ka zauna ka yi shiru ka bar na gaba su wuce, domin mafarautan garin sun ce in aka firgita jagorori duk garken kan sauya hanya, gari ya rasa naman shekara. Ƙasar da ke kewaye da ƙauyen tasu ce, ba ta gwamnati ba. Ka tambayi inda aka yarda baƙo ya kafa tanti, kada ka ɗauki hoton mutum ko shanyar namansa sai da izini, ka shiga ɗan gidan tarihinsu na Simon Paneak. Duwatsun da za ka gani an jera a da'ira ko a layi a kan tudu, tsoffin makwantai ne da shingayen kora dabba. Ka bar su yadda ka same su. In kuna tafe a kan ciyayi ku warwatsu, kada ku bi sawun juna, domin sawun da aka maimaita a ƙasar can yakan yi shekaru bai warke ba.

Ga abin da zan yi da ni ne kai. Bana ka yi tafiya biyu ko uku na kwana uku-uku kusa da inda kake, da cikakken kaya, ka zaɓi ranakun da ake ruwa da gangan, ka koyi kafa tanti da sanyayyen hannu. Baɗi ka shiga ayarin da ke da jagora mai lasisi, ko ka samu mutum biyu da suka taɓa zuwa. Ku sa jirgi ya ajiye ku wuri ɗaya, ku kafa sansani, ku riƙa fita yawon yini da ƙaramar jaka kuna dawowa, ta yadda babu kogin da zai shiga tsakaninku da jirgin komawa. Kafin ka biya kuɗin shata, ka kira ofishin jami'an dajin na Bettles ko cibiyar baƙi ta Coldfoot, ka faɗa musu kwarin da kake so da ranakun, ka tambaye su ruwa nawa za ka ƙetare da yadda yake kasancewa a wannan makon. In ka isa, ka zauna ka saurari bayanin da suke yi wa masu shiga, ka karɓi gwangwanin abinci, ka bar musu rubutaccen tsarin tafiyarka, ka bar kwafi a hannun wani na gida tare da ranar da zai fara cigiya in bai ji daga gare ka ba. Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo mana da kai lafiya.